Ranar da Muryarka Ta Fita a Lasifikar Coci

Zuwa ga Filimone, hasken da ke leƙowa ta bayan tsibiri kafin rana ta fito, ruwan ɗanyar kwakwa a tsakar zafi, iskar da ke kwantar da teku ta bar masunta su dawo gida lafiya. Zuwa gare ka, kai da na ɗauka dutse ne mai sanyi, ashe irin duwatsun murhunmu na ƙasa ne, a sama ganye shiru, a ƙasa wuta. Masoyina, abin tausayina, kuma babban wawan da tsibiran Ha'apai suka taɓa aikawa Ostireliya tsinkar lemu. Ina gaishe ka da zuciyar da har yanzu ba ta koma mazauninta ba.

Kada ka yi mamakin ganin takarda da biro. Na zaɓe su ne saboda takarda ba ta da baki. Ba ta tashi da kanta a gaban jama'a ta kama magana, ba ta da lasifika, kuma in an naɗe ta sai ta yi shiru. Waya kuwa, tun ranar Alhamis ɗin nan in ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Na san an ba ka labari, amma guntu-guntu aka ba ka, kowa da gishirinsa. Ni da abin ya faɗo wa a ka, ni zan ba ka shi daga farko, kuma za ka karanta har ƙarshe, tunda ni ma an sa na saurare ka har ƙarshe ba a tambaye ni ba.

Ka san yadda garin nan ya yi murna da rumbunka na tsofaffin waƙoƙi. Tun kana yaro mutane ke maka dariya, wai kai ba ka da aiki sai bin sauti, ana biki kowa na ci kai kana riƙe da rikoda. Da za ka tafi ka bi gida-gida ka tattara tsofaffin kaset ɗin da ɓera da danshi suka kusa cinyewa, aka ce ɗan nan ya haukace, mutane na tafiya da doya da kifi shi yana tafiya da shara. To ga shi ka zauna can Mildura ta Ostireliya, bayan ka sauko daga bishiyar lemu a gajiye, ka wanke su ɗaya bayan ɗaya, ka zuba su a intanet, ka turo wa ƙungiyar mawaƙan coci adireshi ka ce duk wanda ya danna ya shiga. Ranar da aka fara buɗewa tsofaffi kuka suka yi. Wannan ta ji muryar uwarta, wancan ya ji ta wansa da teku ta cinye. Mu kuma muka ji Baba. Innata ta riƙe wayar da hannu biyu kamar jariri, muryarsa mai kauri tana fitowa daga ƙarƙashin na sauran maza, ta ce, ga shi nan, ga shi nan, yana jan numfashi a inda ya saba ja. Tun daga ranar ba ta shan shayin safe sai da shi. Da ka ga yadda ake sa maka albarka, da kunnuwanka sun yi zafi.

Amma Filimone, wa ya ce maka ana ba mutane mabuɗin gida gaba ɗaya don a nuna musu ɗaki ɗaya? Kai da ka iya cire kukan zakara daga cikin waƙar da ta girme ka, kai da ka iya gyara muryar matattu, yaya aka yi ka manta akwai wani lungu a rumbun nan da ba na coci ba?

Ranar Alhamis da la'asar muna zauren coci muna koyon waƙar babban taro. Mata a hagu, maza a dama, yara na tsere da 'yan aladu a waje. Yayana Kelepi na gaba da sandarsa yana bi da mu. Ya ce a sa mana yadda su Baba suka rera ta, don maza na gudu kamar ana korarsu. Wayata ce aka haɗa da babbar lasifika, ni kuma ina tsaye a sahun gaba, sai na miƙa wa goggonka Meleane da ke zaune a benci na baya ta riƙe. Waƙa ta yi, ta ƙare. Yaya ya ɗaga sanda zai ce mu ɗauka. Sai abin ya wuce gaba da kansa. Muka ji kukan wasu tsuntsaye da ba namu ba, muka ji ƙarar tsani na ƙarfe, muka ji wani ya zauna ya yi gyaran murya. Ni dai har murmushi na yi, na ce a raina, Filimone ne zai gaishe da mawaƙa.

«Lesieli, yau ma ni ne,» in ji ka, da muryar da ta cika zauren har kwano na amsawa. «Ba aiko miki zan yi ba, don haka zan iya faɗin gaskiya. Tun safe nake tsinkar lemu, ko wanne na kama sai in tuna hannunki lokacin da kike matse saiwar kava don maza su sha, ruwan na gangarowa har gwiwar hannu. Ɗan tabon nan na bayan wuyanki, wanda gashi ke rufewa, ina jin ni kaɗai na san da shi a duniya. Wallahi da ƙamshin man kwakwar kanki nake kwana.»

Wayyo ni! Kai kaɗai ka san da shi a duniya? To yanzu Fasto ya sani, matar Fasto ta sani, masu muryar sama da masu muryar ƙasa sun sani, har kurman tsohon da ke buga ƙararrawa sai da ya tambayi na kusa da shi aka faɗa masa a kunne da ƙarfi. Na ji hannuna ya tashi da kansa ya rufe bayan wuyana.

Kai ɗan garin nan ne, ka san abin da ke tsakanin mace da ɗan'uwanta namiji. Tun da na fara girma Yaya Kelepi bai taka ƙofar ɗakina ba. Ɗakinsa daban yake a bayan gida. Ba na shanya kayana a inda zai gani, ba na zama gashi a kwance in yana tsakar gida. In talabijin ta nuno mace da namiji sun matso kusa da juna, ba ya jiran ya ga ƙarshe, sai ya tuna yana da aiki a waje. Ko wasan baki na samari ba a yi a gabanmu mu biyu, duk wanda ya yi ya zagi gidanmu. Wannan mutumin, a gaban gari, da sanda a sama, shi aka sa ya ji wani namiji na lissafa masa wuyan ƙanwarsa.

Mata suka kama raɗa, Goggo ki kashe, Goggo ki kashe. Goggonka ta ɗaga wayar nesa da fuska, ta runtse ido, ta danna, sai ƙara ta ƙaru. «Ni ban san inda ake kashe abin nan ba, 'yan nan,» ta ce, ita da ke wuni tana kiran jikokinta na Okland ta bidiyo. Wa zai fizge waya daga hannunta? Fasto ya yi ta maza ya tsallake benci ya zare wayar wuta daga bango, ya manta lasifikar tana da batir. Kai kuwa kana nan kana zuba, ka bar wuya ka koma kan yadda nake dariya in rufe baki. Yaya ya sauke sandar a hankali ya ajiye kan tebur, ya gyara tabarmar ado da ke ɗaure a ƙugunsa, ya bi ta tsakiyar zaure ya fita bai dubi hagu ba. Bayansa kawai na gani, kuma bayan nan nake gani duk lokacin da na rufe ido.

Yanzu zan faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba, don ka ga irin rikicin da ka jefa ni. Kunya ta zo, amma ba ita ta fara isowa ba. Kafin ita, na ɗan lokaci kaɗan, wani abu ya tashi daga cikina kamar kifin da ya yi tsalle ya ga rana. Ni? Ni Lesieli? Filimone ɗin da bai taɓa yi mini magana da ta wuce ina kwana ba? Ka tuna yammacin da aka yi muku kavar bankwana, aka zo aka roƙi Inna in zauna in dama wa maza, Yaya ya bar unguwar kamar yadda aka saba don kada ya ji abin da za a faɗa mini? Kowane saurayi ya gwada bakinsa. Wani ya ce kavata ta fi zuma, wani ya ce zai sayar da kwalekwalensa ya saya mini takalmi, masu jita suka yi ta jefo mini waƙa. Kai kana can ƙarshen da'ira, kanka a ƙasa, kana latsa waya. Da ƙoƙonka ya zo ka karɓa ka shanye ba ka ɗago ba. Na koma gida ina huci, na ce wa Inna duk garin nan babu mai girman kai kamar ɗan gidan su Meleane. Ashe kai kana ƙirga ɗigon ruwa a hannuna! Ta ina ka gani, kai da ba ka ɗago ba? Da wane ido?

Kafin rana ta faɗi duk mai waya a tsibirin nan ya shiga lungun. Masu data suka sammar wa marasa ita. Washegari na bi ta inda mata ke bugun ɓawon itace don yin zane, sai bugun ya tsaya cak, wata ta ce, Lesieli, zo ki taya mu matsa, an ce hannunki na sa lemu nuna. Na wuce abina. Na gangara bakin teku bayan makabarta, inda waya ke kamawa sosai, na sa abin sauraro a kunnuwana na ce tunda kowa ya ci rabonsa, bari mai abu ita ma ta ɗanɗana. Na zata guda biyu ne ko uku. Filimone, na yi ta ja da yatsa abin bai ƙare ba. Tun zuwanka na farko kake yi. Na ji ka ranar da sanyi ya daskarar maka da yatsu har ka kasa ɓalle maɓalli. Na ji ka ranar da ƙayar lemu ta shiga ƙarƙashin farcenka. Na ji ranar da ka gano muryar Baba a kaset, ka yi ta maimaita wurin, ka ce, Lesieli, na samo miki shi, sannan muryarka ta karye ka kashe. Na ji kana koyon yadda za ka gaida Yaya Kelepi ka nemi izini, ka fara, ka ce a'a ba haka ba, ka sake, ka ce kai Filimone ba za ka taɓa iyawa ba. Ruwan teku ya ciko har ya jiƙa mini zane ban sani ba. Na zauna ni da nake ganin babu wanda ya damu da ni, ashe shekara da shekaru ana kirana a wata gona a ƙarshen duniya.

Na dawo gida da wannan daɗin a ƙirji, na tarar ɗakin Yaya a buɗe, babu bargonsa, babu addarsa. Ya koma bukkar gona. Tun ranar bai kwana a gida ba, bai zo koyon waƙa ba, a coci yana zama can baya ya fita kafin a tashi. Inna ce ke kai masa abinci, da ƙafarta mai ciwo. Ka san wane ne Kelepi a wurina? Da Baba ya rasu shi ya bar makaranta don in ci gaba. Shi ke kawo mini doya mafi girma a girbin farko ya ajiye a ƙofar kicin ba tare da ya ce komai ba. Ba mu taɓa hira mai tsawo ba, amma ban taɓa kwana ban san yana bayan gida ba. Yanzu gidan kamar an cire masa bango ɗaya. Duk da haka na ce a raina, zai huce. Ba da gangan aka yi ba, kuma maganar, duk nauyinta, maganar mai neman aure ce. Filimone zai kira, zai turo manya, a rufe abin da mutunci.

Ina wannan jiran ne ka yi mini na biyu, wanda ya fi na farko. Ranar Lahadi da safe Inna ta zuba shayi ta danna waya, sai ga rubutu wai an rufe, ba a ba ki izinin shiga ba. Ta danna, ta sake dannawa, ta miƙo mini ta ce in duba ko ita ta ɓata. Na duba. Ka kulle komai, da waƙoƙi da matattu da masu rai. Tsohuwa ta zauna da shayi yana hucewa a gabanta, ta ce, to, ya sake tafiya ke nan. Ban san ko kai take nufi ko Baba ba, ban kuma iya tambaya ba.

Bayan an tashi daga sujada Fasto ya tsayar da mawaƙa ya ce ka aiko da saƙon ban haƙuri. Na ji zuciyata ta miƙe tsaye. Sai ya ce, Filimone ya ce wasa ne, shi da abokan aikinsa suna gwada sabuwar makirfo, sunan kawai ya zo masa a baki, ba ya nufin kowa. Wasa? Ni na ji ka kana kuka, ka ce wasa? Makirfon da ake gwadawa tun zuwanka na farko, har yau ba a gano ko tana aiki ba? Na san abin da ka yi tunani, don na fara sanin yadda kanka ke aiki: ka ce bari in wanke ta, in ɗauki laifin ni kaɗai, a ce Filimone shashasha ne a manta. Ya kai mai hankalin kaza! Zaman Ostireliya ya mantar da kai inda ka fito? In so ne, an yi kuskure a gaban ɗan'uwa, ana neman gafara, ana ɗaura aure, wata rana jikoki su yi dariya. In kuwa wasa ne, to ka ɗauki wuyan ƙanwar Kelepi ka ba ƙartin gona su yi nishaɗi da shi lokacin cin abinci. Wannan ba a yafe shi a garin nan, kai ma ka sani. Ranar Yaya bai kai ga fita ba, yana tsaye a bakin ƙofa lokacin da Fasto ke magana. Na ga hannunsa ya damƙi ƙyauren har sai da katakon ya yi ƙara. Da ƙaryar nan ba ka wanke ni ba, ka rufe wa yayana hanyar dawowa gida ne.

Da yamma goggonka ta zo. Ta zauna a tabarma mafi kyau ba tare da an ce ta zauna ba, ta sa aka kawo mata gwaza da kifi, ta ci ta ƙoshi, sannan ta dube ni. «Ke yarinya, daina kumbura mini fuska. Na san inda ake kashewa sarai. Ɗan ƙanena matsoraci ne tun yana tsumma, da na kashe da ke da shi kun tsufa kuna kallon ƙasa.» Sannan ta ce abu ɗaya ne bai zo mata a rai ba sai da ta ga bayan Kelepi, kuma wannan ita ma yana hana ta barci. Ta ce in gaya maka, tunda ka daina ɗaukar kiranta, a danginku an yi matsorata amma ba a yi maƙaryata ba, kuma in ka bar maganar nan a haka kada ka sa ran za ta zauna a saman tabarma, mazaunin girma na goggo, ranar aurenka ko ranar mutuwarka. Ka san ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba.

To saurara, hasken idona, sanyin ƙirjina, mai muryar da ta rushe mini gida ta kuma gina mini wani a wuni ɗaya. Ba na roƙonka ka so ni, wannan ka riga ka yi, da shaidu fiye da na kowace amarya a tarihin tsibirin nan. Roƙona ka tsaya a kan maganarka. Ka kira Fasto ka ce masa saƙon Lahadi ƙarya ne, na Alhamis ne gaskiya. Ka buɗe rumbun ka mayar wa Inna mijinta, don ba naka ba ne kai kaɗai, amana ce mutane suka ba ka daga ƙarƙashin gadajensu. Lungun nan nawa kuwa, kada ka kuskura ka goge ko tari ɗaya a ciki. Ka yi masa ƙofa daban, ka ba ni mabuɗin ni kaɗai, kuma wannan karon ka duba da kyau kafin ka danna. Ban gama sauraro ba ka rufe, na tsaya a inda kake cewa in ka dawo za ka gina ɗaki mai taga ta gabas. Ina so in ji sauran.

Sannan in lemu ya ƙare ka shigo jirgin ruwa na farko. Kada ka zo mana da akwatin cakulan da turare kamar sauran. Ka zo yadda kakanninmu ke zuwa in sun yi wa wani laifi mai nauyi: baƙaƙen kaya, tsohuwar tabarma a ƙugu, ganyen bishiyar ifi a rataye a wuya, ka zauna a ƙasa a ƙofar Yaya Kelepi kanka a sunkuye har sai ya fito ya cire maka da hannunsa. Na san an daɗe ba a yi ba, na san yara za su taru su yi kallo. Su kalla mana. Ni an kalle ni, ban mutu ba. Sunkuyar da kai kuwa ba sai an koya maka ba, kai ne gwaninta. Na so in saka maka ganye ɗaya cikin ambulan don ka riƙa tunawa, aka ce masu binciken kaya na can ko busasshen haki suka gani sai su ƙone wasiƙar gaba ɗaya, ni kuma ba zan iya sake rubuta wannan ba.

Za ka ce, in na zo ya ƙi fitowa fa? Ni ma da wannan tsoron nake kwana nake tashi, har shekaranjiya. Ina kicin ina kankare kwakwa da safe sai na ji sara a bayan gida. Na leƙa ta ramin bango. Yaya ne, ya rame, gemu ya fito masa, yana share ciyawar da ta rufe gindin bishiyar ifi ɗin nan da Baba ya shuka, wadda ba wanda ya kula da ita tun rasuwarsa. Ya share tas har ya fitar da hanya daga titi zuwa gindinta. Sannan ya je ya ɗauko dogon tsanin coci a kafaɗa, ya jingina da ita, ya girgiza ya ga ya zauna daram. Inna ta fito tana ɗingishi ta tambaye shi me zai yi da tsani, shi da ke hawa kwakwa da ƙafa. Bai dubi kicin ba, ya san ina ciki. Ya fuskanci bishiyar ya ɗaga murya fiye da yadda ake yi wa mai tsaye kusa.

«Ba nawa ba ne, Inna. An ce masu tsinkar lemu sun manta hawan bishiya, sai da tsani. Kada wani ya zo ya ce ganye ya yi masa nisa.»

Ya ɗauki addarsa ya koma gona. Ni kuwa na zauna a kan abin kankare kwakwa na yi kukan da ban yi ba tun ranar Alhamis. Jiya mai kula da coci ya aiko a mayar da tsani za a gyara kwano, Inna ta ce a gaya masa ya bari ruwa ya zuba.

Ka ji, Filimone. Yayana ya yi magana iyakar yadda ɗan'uwa zai iya, kuma ya fi ka ƙoƙari, shi da ba shi da makirfo. Sauran naka ne. Ni dai ina nan inda muryarka ta same ni, ba zan dama wa kowa kava ba, ba zan saurari waƙar kowa ba, ko jiragen duniya duka za su zo su koma babu kai. In teku ta gaji da zuwa gaɓa, to ni ma na gaji da jiranka. Amma kada ka gwada haƙurin tsanin, na coci ne, kuma damina ta kusa.

Taka tun kafin ka sani, taka a gaban duk wanda ya ji, taka har ranar da wani zai tsinci muryoyinmu a tsohon rumbu ya ce ga su nan tare,

Lesieli